Yadda Ake Riƙon Motar Aiki: Saye, Mai, Lodi da Gyara

Motar aiki, a-kori-kura ce ko jif mai jan taya huɗu ko ƙaramar motar ɗaukar kaya, don shan wuya aka ƙera ta. Shasinta ƙarfe ne mai kauri da aka ɗora bodi a kansa, sifirinta na baya faranti-faranti ne, cikinta kuma ya yi nesa da ƙasa. Wannan ƙarfin nata shi ke yaudarar masu ita. Ƙaramar mota da ta ji ciwo nan take za ta nuna, amma motar aiki sai ta haɗiye ciwonta, ta yi wata da watanni tana tafiya a haka, har ranar da za ta tsaya a tsakiyar hanya da kaya a bayanta, a ce inji ya buga. Da wuya ka ga tsufa kaɗai ya kashe irin waɗannan motoci. Abu huɗu ne ke cin su: lodi fiye da ƙima, datti da ke shiga inji ta mai ko ta iska, zafi, da kuma "bari sai gobe". Matakan nan duka a kan waɗannan huɗun suke.

Mataki na 1: Auna aikinka kafin ka zaɓi mota

Kafin ka taka zuwa ganin mota, amsa wa kanka tambaya uku: kilo nawa zan riƙa ɗauka, mutum nawa, a kan wace irin hanya? Mai ƙofa biyu bayanta ya fi tsawo, ta fi dacewa da mai kaya. Mai ƙofa huɗu tana cin mutum biyar, amma akwatin bayanta ya gajarce, kuma nauyin mutanen daga cikin lodinta ake cire shi. In a kan kwalta rayuwarka take, mai jan taya biyu ta ishe ka: ta fi sauƙin mai, kayan ƙasanta da za su lalace ba su da yawa. Mai jan huɗu ta mai shiga yashi da laka da duwatsu ce.

Sai batun dizal ko fetur. Injin dizal yana ba da ƙarfin ja tun bai ɗaga murya ba, kuma litarsa ta fi ta fetur kai mutum nesa. Sai dai na zamani ba irin na da ba ne. Yana fesa mai da matsin da kan kai bar 2,000, alhali iskar da ke cikin tayar motar tsakanin bar 2 da 4 take. Famfo da injektocin da ke aiki a irin wannan matsi ba sa jure ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙasa. In ba ka da tabbacin samun dizal mai tsabta, ko aikinka gajerun tafiye-tafiye ne a cikin gari, injin fetur zai fi ba ka kwanciyar hankali.

Maganar samfuri kuwa, ana ta musu tsakanin Toyota Hilux, wadda ake ƙerawa tun 1968, da Isuzu D-Max, Mitsubishi L200, Nissan Navara da Ford Ranger. Ni a ganina wadda ta fi ita ce wadda kayan gyaranta da makaniken da ya san ta suke kusa da kai.

Mataki na 2: In ta hannu ce, fara dubawa daga ƙasa

Ka je da sassafe, kuma ka roƙa tun jiya kada a tayar da ita. Ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyinsa. Injin da ya yi ɗumi yana ɓoye wahalar tashi, da ƙarar ƙarafa, da hayaƙin farko.

Fara da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma dole wadda ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi. Daga nan ka bar fenti, ka ɗauki tocila ka shiga ƙasa, domin tarihin motar aiki a can yake rubuce. Nemi tsatsar da ke ɓarewa, da alamar walda a shasi, da farantin sifirin da ya karye ko ya miƙe ya rasa lanƙwasarsa. Akwai wata roba a saman aksul na baya mai tare shi kada ya bugi shasi. In ka ga ta goge ko ta fashe, motar nan ta sha lodi, ko da mai ita ya ce makaranta kawai take kai yara.

Buɗe murfin baƙin mai. Abu fari-fari mai kauri a jikinsa na iya nufin ruwa yana haɗuwa da mai. Buɗe lagireto, tunda injin da sanyi yake, ka ga ko mai yana yawo a kan ruwan. Sannan a tayar, kai kana tsaye a baya kana kallon salansa. Hayaƙi shuɗi, inji yana shan baƙin mai. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi, ana zargin gasket ɗin saman inji, ko injekta in dizal ce.

Kada ka gamsu da kilomitar da ke kan allo. Gwama ta da gogewar fedar birki da sitiyari da kujerar direba. Sa a jona na'urar binciken kwamfuta a kafar OBD da ke ƙasan sitiyari. Tuƙa ta a hanya mai kyau da marar kyau, ka sa kowace giya, har da na jan huɗu. Makanikenka za ka tafi da shi, ban da wanda mai sayarwa ya kawo.

Mataki na 3: Makon farko, juye komai ka buɗe littafi

Ko me aka faɗa maka game da sabis na ƙarshe, ɗauka ba a yi ba. Juye baƙin mai da filtarsa, canza filtar iska da ta mai, juye man giya da na aksul gaba da baya da na akwatin raba ƙarfi, sabunta ruwan lagireto da man birki. Tambayi makanike ko injinka bel yake amfani da shi wajen taimin ko sarƙa. In bel ne kuma ba wanda ya san ranar da aka sa shi, canza shi yanzu. Yawanci tsakanin kilomita 90,000 da 150,000 ake canza shi, gwargwadon inji, kuma a injuna da dama in ya tsinke fistin ne ke karo da bawul.

Sai ka sayi ɗan littafi ka ajiye a motar. Kwanan wata, kilomita, abin da aka yi, lita nawa aka sha. Ina matsa wa mutane a kan littafin nan fiye da kowane kayan aiki, domin shi ke nuna maka matsala tun tana ƙarama, kuma ranar sayarwa shi zai yi maka shaida. Nemi littafin kamfanin motar ma. In ya ɓata, ana samun yawancinsu a intanet.

Mataki na 4: Minti biyar kafin ka murɗa makulli

Leƙa ƙasa ka ga ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Zaro sandar gwada baƙin mai, motar tana kan wuri mai daidai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin biyu. Dubi ruwa a gorar lagireto, da man birki, ka zagaya tayoyi. In ka murɗa makulli, kalli fitilun allo: su kama duka, su mutu bayan inji ya tashi. Ja mai siffar butar mai in ta kama kana tafiya, kashe inji nan take, kada ka ce bari in ƙarasa. Matsin mai ne ya faɗi, kuma 'yan mintoci sun isa su gama da inji.

Mataki na 5: Mai

A nan kuɗin mai mota ke tafiya kullum, don haka a nan za mu ɗan zauna.

Fara da sanin abin da motarka ke sha. Allurar tanki ba ma'auni ba ce, kuma "na sha na kaza ya kai ni wuri kaza" ba lissafi ba ne. Cika tanki har famfo ya katse da kansa, mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya sifili, yi harkokinka, ka dawo ka sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Misali, lita 55 a kilomita 500, motarka tana shan lita 11 ke nan a kowace kilomita 100. Yi haka sau uku ko huɗu ka san lambarka. Ranar da ka ga 11 ta koma 13 alhali hanya da lodi ba su canza ba, wani abu ya taɓu: iskar taya ta ragu, filtar iska ta toshe, birki yana riƙewa, injekta tana zuba, ko wani yana zuƙe maka tanki.

Sai tsabta. Sha a gidan man da ke da ciniki, inda mai ba ya daɗewa a ƙasa. In ka tarar tanka tana sauke mai, wuce ka dawo an jima, saboda saukewar tana tayar da dattin da ya kwanta. Kada ka saba barin tanki ya yi ƙasa da kwata. A motar fetur, man ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki; a ta dizal, in ya ƙare iska ce za ta shiga layi, sai an fitar da ita kafin inji ya tashi. In famfon gidan mai ya katse, bar shi haka, kada a yi ta ɗura har wuya.

Mai dizal yana da ƙarin aiki. A ƙasan filtar man akwai wurin da ruwa ke taruwa, da fitilarsa a allo. Da ta kama, tsaya, ajiye roba a ƙasa, sassauta ɗan famfon da ke gindin filtar, danna famfon hannu da ke samanta har ruwan ya fita mai tsantsa ya biyo, sannan ka ɗaure. Aikin minti kaɗan ne, amma barinsa na iya cinye injektoci duka. Filtar kuma kada a yi mata rowa. Araha ba ta ado, balle a abin da ke tsaron famfon da ya fi komai tsada a injin. In motarka tana amfani da AdBlue, wato ruwan rage gubar hayaƙi, tankinsa daban ne mai shuɗin murfi. Kada ya shiga tankin dizal, kuma in ya ƙare motar za ta ƙi tashi. Mai matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF, tana bukatar doguwar tafiya a kai a kai don ta ƙone abin da ta tara.

In aka yi kuskure aka zuba fetur a motar dizal, abu ɗaya ne: kada ka tayar, kada ma ka murɗa makulli, domin a motoci da yawa murɗawar kaɗai tana tura mai cikin layi. Dizal yana da santsin da ke shafe famfo, fetur kuwa wanke shi yake yi. A tura motar gefe, a juye tanki.

Wajen rage sha, ƙafarka ta fi kowane magani da ake zubawa a tanki. Motar aiki doguwa ce mai faɗin goshi, kuma in gudu ya ninka, turjiyar iska sau huɗu take ƙaruwa. Shi ya sa bambancin gudun 90 da 120 yake fitowa ƙarara a tanki. Tashi a hankali, hango tsayawa tun daga nesa, sauke kayan da ba ka bukata daga baya da saman rufi, kada ka bar inji yana ta aiki a tsaye. Manyan tayoyi masu ƙurji suna da kyan gani, amma da mai ake biyansu. Sakin mota a firi a gangara kuma a daina. Injin zamani yana katse mai da kansa in ka ɗaga ƙafa motar tana cikin giya, to firi bai rage maka komai ba, ya dai raba ka da riƙon da inji ke yi wa mota.

In za ka yi guzurin mai, a jarkar da aka yi don mai za ka zuba, ka ajiye ta a ƙasa lokacin cikawa, ba a bayan mota ba, saboda tartsatsi. Kada ta kwana a inda mutane ke zama.

Mataki na 6: Baƙin mai da iska

Littafin kamfani yakan ba da jadawali biyu, na aikin yau da kullum da na aiki mai tsanani. Ƙura, lodi, jan tirela, zafi da yawan tsayuwa inji na aiki duk a na biyun suke, wato motar aiki kusan kullum a nan take. In ba ka da littafin, juye a kowace kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga, ba zai cuce ka ba. Filta tare da mai ake canza ta, kowane juye.

Karanta jikin galan. Lambobi irin 5W-30 ko 15W-40 kaurin mai suke nunawa a sanyi da zafi. Haruffan API kuwa, wato alamar ajin mai, masu farawa da S, kamar SN da SP, na fetur ne. Masu farawa da C, kamar CI-4 da CK-4, na dizal. Mota mai DPF tana da nata mai marar yawan toka. Akwai masu cewa mai kauri ya fi kare inji. A tsohon injin da ya saki, wataƙila. A sabo mai ƙananan hanyoyin mai, kaurin jinkirta isarsa yake yi da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Man dizal yana yin baƙi da wuri, wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne ka ga yana ƙaruwa a sanda yana warin dizal.

Filtar iska ita ake rainawa, ita ce kuma ke tsakanin fistin da ƙurar hanya. Ciro ta, bubbuga ta a hankali, ɗaga ta a rana. In haske bai ratsa ba, ko ka ga huda, canza. Hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Zura yatsa cikin bututun da ke bayanta: in ka ji ƙura, akwai inda take shiga, a nemo shi yau. Mai turbo kuma, bayan doguwar tafiya ko hawan tudu da kaya, bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe.

Mataki na 7: Lodi da taya

A jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin gidan inji akwai faranti mai nuna iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Cire nauyinta ba kaya daga wannan lamba, abin da ya rage shi ne lodinka. Ɗauki misali: iyaka kilo 3,000, mota kilo 2,050, saura 950. Ka zauna kai da mutum huɗu, kowa kilo 75, an tafi da 375. Saura 575, kuma ba a cire rumfar baya da ƙarfen gaba da akwatin kayan aiki ba. Motar da ake kira mai tan ɗaya ke nan. Cewa "ai ta ɗauka" ba hujja ba ce. Za ta ɗauka, amma birki da bearin da kuloci da shasi ne ke biyan bashin, kuma ranar da yaro ya gifta maka a hanya, tazarar tsayawarka ta ƙaru.

Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, a matso da su jikin gidan direba, gaban aksul na baya. Nauyin da ya taru a can ƙarshe yana ɗaga gaba, sitiyari ya yi sako-sako, har yakan lanƙwasa shasi. Ɗaure da igiya mai ƙarfi ta kusurwa huɗu, ka tsaya bayan 'yar tafiya ka ƙara ja. In tirela kake ja, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta ya kamata ya sauka a kan ƙugiya, shi ma daga lodinka ake cire shi. Ka tuna motar nan doguwa ce, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa a kwana, kuma in ba kaya bayanta yana da saurin zamewa a ruwan sama.

Taya a gwada ta da sanyi, da geji, ba da bugun ƙafa ba. Takardar da ke jikin ƙofa tana ba da iskar da za a sa ba kaya da wadda za a sa da kaya. Taya marar isasshiyar iska a ƙarƙashin lodi zafi take yi har ta fashe. A jikinta za ka ga rubutu kamar 265/65 R17 112: faɗi milimita 265, rim inci 17, lamba 112 kuma tana nufin tana ɗaukar kilo 1,120. Kada ka sa wadda lambarta ta gaza abin da kamfani ya ce. Masu alamar LT ko C su aka yi wa kaya. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT ranar haihuwarta ce: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wadda ta haura shekara shida a sa mata ido ko da zanenta bai goge ba, wadda ta kai goma a sauke ta. Zane in ya kai milimita 1.6 ya ƙare. A riƙa sauya musu wuri a kowace kilomita 10,000, kuma safaya ma taya ce, a gwada ta.

Mataki na 8: Zafi

Ruwan famfo zalla yana kawo tsatsa, yana toshe lagireto. Zuba ruwan sanyaya inji irin wanda kamfani ya ce, kada ka gauraya iri biyu. Murfin lagireto ƙaramin abu ne, amma matsin da yake riƙewa shi ke hana ruwa tafasa da wuri. In robarsa ta tsage, canza shi. Wanke laka da ciyawa daga fuskar lagireto. Kuma kada ka yarda a cire maka tamostat da sunan maganin zafi. Cirewar tana rufe ainihin matsalar, ta bar inji yana aiki da sanyi, yana ƙara shan mai.

In allura ta fara hawa kana tafiya, kashe na'urar sanyi, kunna hita har ƙarshe, nemi gefe ka tsaya. In ka ga tururi, kashe inji. Jira aƙalla rabin awa kafin ka taɓa murfi, kuma da tsumma mai kauri, a hankali. Ruwan da ke ciki ya wuce zafin tafasa, yana iya sale fuska. Kada ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi. Ko ta huce ta tashi lafiya, a nemo dalili: yoyo, fanka, fanbel, famfon ruwa ko gasket.

Mataki na 9: Jan huɗu da shiga ruwa

A yawancin a-kori-kura, 2H, wato jan taya biyu, na kwalta ne, 4H, jan huɗu, na yashi da laka da tsakuwa, 4L, jan huɗu a ƙaramar giya, na tudu mai tsanani da fita daga kafewa. Kada ka yi tafiya da 4H a busasshiyar kwalta, sai in motarka irin mai jan huɗu a kowane lokaci ce. Tayoyin gaba da na baya ba sa yin tafiya ɗaya a kwana, in ƙasa ba ta bar su sun ɗan zame ba, ƙarafan ciki ne ke murɗewa. 4L a tsaye ake sa shi, giya tana firi. Ko ba ka bukata, sa jan huɗu sau ɗaya a wata a hanyar ƙasa don mai ya zagaya. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya.

A yashi rage iskar taya, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta. In ka kafe, ɗaga ƙafa daga totur. Juya taya rami kawai yake ƙara maka. Kada a ɗaura igiyar fizga a ƙwallon jan tirela, yakan tsinke ya tashi da ƙarfin da ke kashe mutum.

Ruwa kuwa, san inda bakin shan iskar injinka yake. Ruwa ba ya matsuwa; in ya shiga silinda, sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Wanda ke gudu ko wanda ba ka san zurfinsa ba, kada ka shiga. In inji ya mutu a ciki, kada ka sake tayarwa. Bayan ka fito, tattaka birki ya bushe, ka sa a duba man aksul. In ya yi fari, a juye.

Mataki na 10: Birki, ƙasan mota da batir

Man birki yana zuƙar danshi daga iska, don haka a canza shi duk shekara biyu, da lambar DOT da ke rubuce a murfi. Feda mai laushi ko mai nutsewa ba abin da ake kwana da shi ba ne. A doguwar gangara da kaya, sauko giya ƙasa inji ya riƙe motar. Birkin da aka daɗe ana dannawa zafi yake yi ya daina kamawa.

A kowane juye, sa a matsa giris a furofela da duk inda ke da bakin giris, a duba ƙusoshin da ke ɗaure sifirin da aksul, da bushin, da shokozoba, da robobin da ke rufe gaɓoɓin gaba. Roba ɗaya da ta yage ta bar ƙasa ta shiga, ita ke jawo canza gaɓar gaba ɗaya. Taya mai cin gefe ɗaya alaimen take nema. In an cire taya, a ɗaure notoci a gicciye, ka sake gwada su bayan kilomita 50 zuwa 100. Kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Batir mai lafiya yana nuna kimanin volt 12.6 inji a kashe, tsakanin 13.8 da 14.4 in yana aiki. Ɗaure shi kada ya yi rawa, girgiza tana kashe shi. Goge farin garin da ke taruwa a kansa.

Mataki na 11: Yadda za ka yi da makanike

Kai masa bayani, ba hukunci ba. Maimakon "famfo ne ya mutu", ce masa: tana yankewa in na hau tudu da kaya, bayan ta yi ɗumi, tun mako biyu. Faɗa masa ko ƙarar tana bin gudun inji ne ko gudun taya, tana zuwa a kwana ko a birki. In ta ƙi yi a gabansa, ɗauke ta a waya ka kunna masa. Ku daidaita a kan abin da za a yi kafin a kwance, a nuna maka sabon kaya a kwalinsa, a ba ka tsohon da aka cire. Lambar da na'urar bincike ta nuna inda za a bincika take faɗa, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Wanda ke canza abu bayan abu yana gwaji, da kuɗinka yake koyo. A birki, sitiyari, bel ɗin taimin da filtoci, sayi na asali ko na kamfanin da aka sani.

A motar kuma kada a rasa jak da ya iya nauyinta da katakon da za a ɗora shi a kai, sifanar taya, gejin iska da famfo, wayar jona batir, igiyar ja, fanbel da filtar mai na ajiya, fiyus, litar baƙin mai, ruwa, tocila, alamar tsayawa mai kusurwa uku, abin kashe gobara da akwatin taimakon gaggawa. Gwada jak ɗin da sauke safaya a gida da rana tsaka, domin a a-kori-kura da yawa safayar a ƙarƙashin bodi take rataye, kuma sarƙar da ke sauke ta takan ci tsatsa ta ƙi juyawa.